Gidajen Colonnades a Albert Dock: zama a cikin siton da ya haura shekara 175

Duk wanda ya zo Liverpool karatu ko aikin asibiti ya fara neman gida, ba zai daɗe ba dillalai za su nuna masa hotunan Colonnades, gidajen kwana da ke cikin tsohon siton tashar jiragen ruwa ta Albert Dock: ɗaki mai rufin jan bulo da aka lanƙwasa kamar bakan gizo, ginshiƙin ƙarfe tsaye a falo, ga ruwa kwance a ƙarƙashin taga. Hoton bai yi ƙarya ba, wurin ma ya fi hoton kyau. Sai dai kafin a sa hannu a takarda, ya kamata a san cewa ba don mutum aka yi ginin nan ba. An yi shi ne don a tsare auduga da taba da shayi da siliki da sukari da hauren giwa daga wuta da ɓarayi. Abin da zai faranta maka rai a cikinsa da abin da zai ci maka kuɗi, tushensu ɗaya ne.

Gobara ce ta haifi Albert Dock. A farkon ƙarni na 19 ana sauke kaya daga jirgi a bakin ruwa, a ɗora a keken doki, a kai sito-sito na 'yan kasuwa a cikin gari, masu daɓe da azara na katako. A hanya a yi sata, a sito wuta ta tashi. Siton Goree, wanda aka raɗa wa sunan tsibirin nan na Senegal, ya ƙone a 1802, kuma a 1842 wata babbar gobara ta cinye jerin sito a Formby Street. Injiniyan tashar jiragen ruwan garin, Jesse Hartley, tare da mai zanen gini Philip Hardwick, suka tsara wuri da jirgi zai shigo har gindin sito, a ɗaga kaya kai tsaye daga cikinsa zuwa bene, a kulle. Kayan na zaune ba a biya kuɗin fito ba sai ranar da mai shi ya sami kasuwa ya zo fitarwa. Yarima Albert, mijin Sarauniya Biktoriya, ya buɗe wurin a ranar 30 ga Yulin 1846. Shi ne gini na farko a Birtaniya da aka ɗora gaba ɗaya a kan bulo da dutse da ƙarfen zubi, babu katako a cikin abin da ke ɗauke da nauyinsa. A 1848 aka ƙara masa injinan ɗaga kaya masu aiki da ƙarfin ruwa.

Katakon yana ƙasa, inda ido ba ya gani. Bakin kogin Mersey laka ce, don haka aka kafa dubban turaku aka ɗora harsashin a kansu. Itacen da ke nutse cikin laka mai ruwa ba ya ruɓewa muddin iska ba ta same shi ba. A kan wannan aka jera bulo sama da miliyan 23, aka yi bakin tashar da dutsen da aka fasa a Sikotlan. Manyan ginshiƙan nan ja da ke jere a bakin ruwa, waɗanda gidajen suka ci sunansu (Colonnades na nufin jerin ginshiƙai), na ƙarfen zubi ne, kowanne tsayinsa kimanin mita huɗu da rabi, kewayensa kusan mita huɗu. Mutum biyu ko sun miƙa hannu sosai, da wuya su rungume guda.

Zamanin wurin bai yi tsawo ba. Don jiragen filafilai aka yi shi, da manyan jirage masu tururi suka zo sai ƙofar ta yi musu ƙunci. Bama-baman Jamus sun taɓa shi a 1941, an sa shi cikin gine-ginen tarihi masu daraja ta ɗaya a 1952, an rufe shi a 1972, laka ta cika kwarmin ruwan. Hukumar raya yankin Merseyside da aka kafa a 1981 ita ta kwashe lakar ta shiga gyara, aka sake buɗe wurin a hukumance a 1988, shekarar da gidan zane-zane na Tate ya buɗe a kusurwar ginin. Gidajen kwana suna benayen sama na ɓangaren yamma, wanda ke tsakanin kwarmin ruwan da kogin.

To, yanzu mu shiga ciki.

Abu na farko da ido zai kama shi ne rufin ɗaki. Ba siling ba ne, ƙasan benen sama ne kake gani tsirara. An jera ginshiƙan ƙarfe, an shimfiɗa katakon ƙarfe daga wannan zuwa wancan, sannan aka ɗaure baka na bulo tsakanin kowane biyu. Wanda ya taɓa ɗaga kai a soron tsohon gidan sarauta a Kano ko Zariya zai gane dabarar: nauyi ba ya sauka kai tsaye, yana bin lanƙwasa ne ya gangara gefe. Bambancin shi ne magina a can suna ɗaure bakan da azara a cikin ƙasa, a nan kuwa siraran sandunan ƙarfen ƙira ne suka ratsa daga gefe zuwa gefe suna hana bakan buɗewa. Ƙarfen zubi gwani ne wajen ɗaukar nauyin da ya danne shi, amma idan aka ja shi ko aka lanƙwasa shi karyewa yake yi kamar tukunya, ba ya ba da sanarwa. Shi ya sa ginshiƙi na zubi ne, sandar ja kuma ta ƙira. Waɗannan sanduna ba ado ba ne. Ba a rataya lilon yara a jikinsu, ba a ɗaura igiyar shanya, ba a yarda mai gyara ya yanke guda don kabad ya shiga.

Amfanin wannan nauyi a bayyane yake. Daɓen da aka yi don ya ɗauki dilolin auduga har rufi ba zai ji nauyin gadonka ba, ba ya motsi, ba ya ƙara in ana tafiya, kuma muryar maƙwabcin sama ba ta ratsa bulo yadda take ratsa silin na katako a gidajen haya na unguwannin ɗalibai. Inda ake samun matsala shi ne bangon gefe. Hartley bai raba benayensa ɗaki-ɗaki irin na gida ba, manyan filaye ne. Bangon da ya raba ka da maƙwabci, da wanda ya raba falo da ɗakin kwana, galibi na zamanin gyara ne, kuma a irin waɗannan gine-gine sau da yawa allo ne a kan firam. Ka ƙwanƙwasa da hannu za ka ji bambanci. Ka duba kuma inda bangon ya haɗu da lanƙwasar rufi, domin wurin yana da wuyar toshewa, nan sauti ke bi. A cikin ɗakin kansa bulo da ƙarfe da gilashi duk masu mayar da amo ne, don haka falo ba kafet ba labule zai riƙa amsa kuwwa kamar masallacin da ba kowa.

Haske shi ne babban abin da hoto ke ɓoyewa. Ɗan kasuwa ba ya son rana ta taɓa masa shayi ko siliki, ɓarawo kuma taga yake nema, saboda haka tagogin ƙanana ne idan aka gwada da faɗin ginin, kuma suna zaune cikin bango mai kauri: kusan santimita 90 a ƙasa, ya rage zuwa wajen 48 a sama. Ginin kuma yana da zurfi daga wannan fuska zuwa waccan. Sakamakon shi ne bakin taga fes, ciki kuwa duhu-duhu, kicin da banɗaki sukan faɗa can inda rana ba ta kaiwa. Jan bulo ma shan haske yake yi, ba ya mayar da shi kamar farin fenti. A watan Disamba rana kan faɗi a Liverpool kafin ƙarfe huɗu na yamma. Idan za ka je duba gida, ka je da rana, ka kashe dukan fitilun da dillali ya kunna kafin isowarka, ka tsaya a wurin da za ka sa teburin karatu ka buɗe littafi. Gidajen da suka dace da tsohuwar ƙofar ɗaga kaya sun fi samun buɗi mai faɗi, sun kuma fi tsada, kuma sun cancanci bambancin.

Akwai fuska biyu. Masu kallon kogi suna samun faɗuwar rana a kan Wirral, yankin da ke tsallaken kogin, da jiragen da ke wucewa, suna kuma shan iskar yamma da ke tasowa daga teku da ruwan sama a kwance. Masu kallon kwarmin ruwa sun fi samun lafawar iska, amma a ƙarƙashinsu gidajen abinci da mashaya suke, ga babban zauren wasanni na Kings Dock a maƙwabtaka. Wanda ke tashi Asuba ya fita aikin safe ya zo ya tsaya a wurin ranar Asabar da ƙarfe goma sha ɗaya na dare kafin ya yanke shawara.

Sai sanyi da danshi, kuma a nan ne ya kamata a daɗe. Bangon zamani a Ingila biyu ne da rata a tsakani, ana cusa abin tare sanyi a ciki. Wannan bangon guda ne, bulo zalla. Halinsa irin na katangar ƙasa ne: yana jinkirin ɗaukar zafi, yana jinkirin sakinsa. Da bazara wannan ni'ima ce, ɗakin na zama da sanyi-sanyi lokacin da sababbin gidajen gilashi na gari suka koma tanda. Da hunturu kuwa, wanda ya saba kunna hita awa ɗaya da yamma ya kashe zai sha mamaki, don iskar ɗakin za ta ɗumama amma bangon yana nan da sanyinsa, kuma tururin girki da wanka da numfashi zai je ya kwanta a kansa ya zama raɓa. Daga nan fumfuna ke farawa, a bayan kabad, a kusurwar taga, a jikin takalman fata da manyan rigunan da aka ajiye ba a sawa. Maganin ba asiri ba ne. A bar ɗumi kaɗan yana tafiya a kai a kai, wajen digiri 18, maimakon a ƙure a kashe. A sayi ƙaramin ma'aunin danshi, a riƙe shi tsakanin kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari. A ja kabad da gado daga bangon waje kamar faɗin tafin hannu. Idan dole a shanya wanki a ciki, a kunna na'urar tsotse danshi kusa da shi a rufe ƙofa.

Ka tambayi da me ake ɗumama gidan. Idan lantarki ne zalla, ka sani farashin wutar a Birtaniya ya ninka na gas wajen sau huɗu a kan ma'auni guda, kuma ɗaki mai dogon rufi iska mai yawa yake ci. Wasu hitoci suna tara zafi ne da dare, cikin awa bakwai na rangwame, su sake shi da rana. In ba a sa ka a kan wannan tsarin biyan ba, asara biyu ka yi. Takardar shaidar makamashi da ke ba gida maki daga A zuwa G za ta ba ka haske, amma takardun biyan wuta na Janairu da Fabrairun da suka wuce sun fi ta gaskiya. Ka nemi a nuna maka su.

Game da bulon da ke buɗe a ciki, ka shafa shi da tafin hannu. In ka ga garin ja ko fari ya biyo hannunka, to zai riƙa zuba a kan kujera da kwamfuta. Farin gishiri-gishiri da ke fitowa a fuskar bulo alama ce ruwa na tafiya a cikin bangon. Buroshi busasshe ake sa masa, wankewa da ruwa mayar da gishirin ciki yake yi. Kuskuren da ya fi ɓarna a irin waɗannan gine-gine shi ne gyaran tsakanin bulo da siminti. Asalin kwaɓin na farar ƙasa ne da yashi, mai laushi, yana barin danshi ya fita ta cikinsa. Siminti ya fi tsohon bulo tauri, ya toshe hanyar, sai ruwan ya nemi fita ta jikin bulon, sanyi ya daskarar da shi, fuskar bulon ta ɓantale. Fenti mai sheƙi ko mai hana ruwa shi ma haka yake yi. Inda ƙarfe ya shiga cikin bango kuma, ka duba ko akwai jan zirin tsatsa ko tsaga da ta taso daga wurin, domin tsatsa kumbura take yi ta ninka kaurin ƙarfen da ta ci, har ta ture bulo. A gini da ke shan iskar gishiri wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma ba aikin mai haya ba ne, na hukumar ginin ne, sai dai a sanar da su da wuri.

Darajar tarihi ta ɗaya tana da nata sharaɗi. Ƙarƙashin dokar 1990 ta gine-ginen tarihi, taɓa abin da ya shafi siffar ginin ba da izinin majalisar gari ba laifi ne da ake gurfanar da mutum a kansa, ko da shi ya mallaki gidan. Ba za ka cire taga ka sa ta roba mai gilashi biyu ba. Abin da aka fi amincewa da shi shi ne a ƙara wata taga daga ciki, kuma kaurin bangon ya ba da wuri: ratar santimita 10 ko fiye tsakanin gilasan biyu tana rage hayaniya ƙwarai, ta kuma tare iska. Ba za ka huda bango ka fitar da bututu ba, ba za ka kafa farantin tauraron ɗan'adam a waje ba, rataye talabijin a jikin tsohon bulo ma sai an tambaya. Intanet ɗin gida kuwa ba ya ratsa irin wannan bango da ƙarfe cikin sauƙi, a shirya sayen na'urar ƙara zango.

Wannan hani na huda bango ya fi shafar mu ta wajen girki. Yawancin gidajen sito kicin da falo a haɗe suke, kuma idan fankar da ke kan murhu ba ta da hanyar waje, tace hayaƙin kawai take yi ta gawayi ta mayar da shi ɗaki. Suyar albasa da attaruhu, miyar kuka da ta ji daddawa, suyar naman Sallah, duk za su zauna a labule, maiƙon kuma ya shige bulon da ke kusa, ba ya fita. A buɗe murfin fankar a gani ko akwai bututu a bayanta. In babu, a riƙa sauya matatar gawayin duk bayan 'yan watanni, a kuma nemi a sa gilashi ko tayil tsakanin murhu da bulo. A banɗaki, a sa 'yar takarda a bakin fankar tsotso. In ba ta riƙe ta ba, ba ta aiki, kuma a ɗakin da ba taga wannan fankar ita ce komai. Banɗakin Turawa ba shi da magudana a daɓe. Mai amfani da buta da mai alwala sau biyar a yini su yi a cikin baho ko wurin shawa, don ruwan da ya bi gefen tayil kullum zai sami hanyarsa ta inda bututu ya ratsa bakan bulo, ya ɗiga a falon na ƙasa, kuma lissafin gyaran a kanka zai dawo.

Ga mai haya, lamarin da sauƙi. Doka ta taƙaita kuɗin ajiya ga hayar mako biyar idan hayar shekara ba ta kai fam 50,000 ba, kuma nauyin rufi da bango ba naka ba ne. Ka ɗauki hoton kowane tabo a bulo ranar shiga, da kwanan wata.

Ga mai saye kuwa, a yi hattara sosai. A Ingila gidan bene irin wannan ba mallaka ce ta har abada ba, haya ce ta dogon zango, kuma kowace shekara tana raguwa. Idan abin da ya saura ya kusanci shekara 80, bankuna kan fara ja da baya, mai saye na gaba ma haka. Bayan kuɗin gida akwai kuɗin hidima na shekara-shekara, wanda a ginin tarihi ya kan fi na sabon gini nauyi, domin komai sai ƙwararre: rufin Hartley faranti ne na ƙarfe da aka ɗinke da ƙusoshi, ba kwanon da kowane kafinta zai hau ya canja ba, ga fentin ginshiƙai, ga lif, ga inshorar gini da ke tsakanin ruwa biyu a kogin da cikarsa da janyewarsa kan kai mita tara ko goma. Ka sa lauyanka ya karɓo lissafin kuɗin hidima na shekara uku, da adadin da ke cikin asusun ko-ta-kwana, da duk wata sanarwa ta sashe na 20 na dokar 1985 ta masu gida da masu haya, wadda dole a aiko wa masu gida idan wani babban aiki zai ci wa wani daga cikinsu fiye da fam 250. Asusu ba kuɗi ga kuma gyaran rufi na tafe, wannan bashi ne ka saya. Mai duba ginin da za ka ɗauka ya zama wanda ya san tsofaffin gine-gine; wanda ya saba da sababbi zai dasa na'urarsa a bulo, ta yi ƙara saboda gishiri, ya rubuta maka maganin da zai ƙara lalata bangon. Ka tabbatar kuma ko wurin ajiye mota yana cikin takardar gidan ko biyansa daban ne.

Wa wurin ya dace da shi? Mutum ɗaya ko ma'aurata da ke aiki a tsakiyar gari, masu son tafiya da ƙafa: tashar jirgin ƙasa ta James Street da kantunan Liverpool ONE duk 'yan mintuna ne. A irin wannan hali gidan ya cancanci kuɗinsa, don babu sabon gini a garin da zai ba ka wannan rufi da wannan natsuwar bango. Mai yara ƙanana zai takura. Babu tsakar gida, ruwa mai zurfi yana bakin ƙofa, kuma falo haɗe da kicin ba ya ba uwargida sirri idan baƙi maza sun zo. Naman halal da kayan miya sai an nufi Lodge Lane ko Granby a Toxteth, inda masallacin Al-Rahma yake. Akwai kuma masallacin Abdullah Quilliam a Brougham Terrace, wanda aka buɗe a 1889. Shi Quilliam ɗin ne ya je Legas a 1894 ya wakilci Sarkin Daular Usmaniyya wajen buɗe masallacin Shitta-Bey. Masallatan Liverpool ɗin biyu sun yi nisa ga mai zuwa jam'i sau biyar da ƙafa, amma ga Juma'a bas ɗaya ko gajeriyar tafiya a mota ta isa.